Amsoshin da Na Zaɓa wa Malam Bukar

Har yau ban manta da ranar Talatar da na zaunar da Malam Bukar a gaban kwamfuta ba. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana nake ba wa labarin, don na ga wasunku sun fara irin gaggawar da nake yi a lokacin.

Shekarata ta biyu ke nan a ofishin kamfanin shinkafar nan na Haɗejiya, ina ƙaramar ma'aikaciya mai buga takardu. Duk shekara in ruwa ya fara janyewa daga fadama, kamfani kan ɗauki wakilan gona na noman rani. Wakilin gona shi ne mai tsayawa tsakanin kamfani da manoman ƙauyensu: ya raba iri da taki, ya lura da injinan ban ruwa, ya kawo rahoto. Da can ganawa kawai ake yi da mutum. A shekarar sai babban ofis ya ce kowa ya fara yin gwajin hali a kwamfuta, wanda ya haye shi ne zai je ganawa.

Gwajin kashi biyu ne. A na farko za a faɗi magana a kanka, kamar "ina gama aiki a kan lokaci", ka zaɓi ko ka yarda ƙwarai, ko ka yarda, ko kana tsakiya, ko ba ka yarda ba. A na biyu za a kawo maka wata matsalar wurin aiki da mafita huɗu, ka ɗauki wadda za ka bi. Duka da Turanci suke. Shi ya sa aka yarda ma'aikaci ya zauna da wanda ba ya ji, ya karanta masa da Hausa, ya danna masa amsarsa. Madam Ladi, shugabar sashen ɗaukar ma'aikata, 'yar Filato ce da ta daɗe a garin nan, ita ta ɗora ni a kan aikin. Ta ce, "Sa'a, abin da mutum ya faɗa za ki danna." Na ce, "To, Madam." A raina kuwa na ce wannan ma har sai an gaya mini?

Malam Bukar ya zo daga wani ƙauye a yankin Kirikasamma. Dattijo ne, zai yi sa'ar babana. Ciyawar kacalla ta cinye masa gona, shekara biyu bai girbe abin kirki ba, ga iyali. Manoman ƙauyen da kansu suka turo shi, har da takardar mai unguwa, suka ce shi suke so ya riƙa raba musu iri. Aikin nan shi ne abincin gidansa na wannan rani, kuma na sani, don ya gaya mini tun muna gaisawa.

Azahar ta kusa, mutane cike da benci a waje, intanet na zuwa tana ɗaukewa, ga agogon gwajin yana tafiya a saman allo. Na karanta masa ta farko.

"Baba, an ce: na fi yawancin mutane iya sasanta rigima. Ka yarda?"

Ya ce, "'Yata, ni zan faɗi haka da bakina?"

"Baba, tambaya ce kawai. Kana sasantawa ko ba ka yi?"

"To, akan kira ni dai. Amma akwai waɗanda suka fi ni. Sa tsakiya."

Ta biyu ma tsakiya. Ta uku ya ce Allah ne ya sani. Da na karanta masa "mutane suna amincewa da ni", sai ya yi dariya ya ce, "Ai su za a tambaya."

Raina ya ɓaci. Na dubi mutumin da ƙauye guda ya aiko, zai kayar da kansa saboda kunya. Ni kuma ina da wani tunani da na ɗauka ilimi ne: cewa kamfani mai bugun ƙirji yake so, duk wanda ya ce tsakiya an ɗauke shi rago. Ba wanda ya koya mini haka, a hirar ƙawaye na tsinta. Sai na ɗan karkatar da allon zuwa gefena. Yana cewa tsakiya, ina danna "na yarda ƙwarai". Da na ga lokaci na ƙurewa, wasu ma ban karanta masa ba. "Ban taɓa yin fushi da abokin aiki ba." Na yarda ƙwarai. "Ban taɓa makara ba." Na yarda ƙwarai. "Ban taɓa faɗin abin da ba haka yake ba." Ƙwarai. Duk wadda ta yi kama da yabo, na ba shi.

A kashi na biyu aka tambaya: surukinka ya zo ranar rabon iri yana so ka sa shi a gaba, me za ka yi? Malam Bukar ya gyara zama ya ce, "Zan ce ya bi layi kamar kowa. In an tashi, in taka har gidansa in ba shi haƙuri." Akwai zaɓin da ya yi daidai da wannan, wato ka bayyana masa ƙa'ida cikin mutunci. Ni kuwa na danna "kai ƙararsa wurin shugaba", wai don a ga yana girmama na sama.

Da muka gama ya yi mini addu'a mai tsawo. Na amsa da amin, ina jin na yi taimako.

Bayan mako guda sakamako ya dawo daga babban ofis. Madam Ladi ta kira ni, ta turo mini takarda. Sunan Malam Bukar, da jan layi a gefe.

"Kin san ma'anar wannan?"

Na ce a'a.

"An dasa wasu tambayoyi a ciki don kama masu gyara kansu. Akwai ɗan Adam ɗin da bai taɓa fushi ba? Duk wanda ya yarda da su gaba ɗaya, na'ura ta rubuta cewa amsoshinsa ba abin dogaro ba ne, ta fitar da shi." Ta cire tabarau ta dube ni. "Na gaisa da dattijon nan a waje. Wanda ko sunansa a hankali yake faɗa, shi ne zai ce bai taɓa kuskure ba? Sa'a, wa ya amsa?"

Na ce, "Ni ce, Madam."

Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta buga wa babban ofis waya a gabana. Suka ce an rufe jerin, an riga an kira waɗanda za a gana da su, kuma ba a sake gwajin sai wani zagayen. Ta ajiye wayar ta ce za ta rubuta mini takardar gargaɗi. "In ya zo duba suna kuma, ke za ki gaya masa. Ba ni ba."

Ya zo ranar Alhamis. Na tarar da shi a gaban allon sanarwa, wani yana karanta masa sunaye, ya sa an maimaita. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa komai, ban rage ba. Sai ya tambaye ni.

"Wato yanzu a takardarsu an rubuta ni maƙaryaci ne?"

"Ba haka aka rubuta ba, Baba. An dai ce…"

"'Yata, abin da ake nufi ke nan." Ya gyara hularsa. "Aikin ya wuce, ba rabona ba ne. Amma ki roƙar mini Madam a cire wannan daga sunana. Mutanenmu za su tambaye ni dalili."

Madam ta rubuta wa mai unguwarsu wasiƙa cewa kuskuren daga ofishinmu ne, ta sa hannu, ta sa ni ma na sa. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya yi mana sallama ya tafi tasha. Wani aka ba wakilcin ƙauyen nasu.

Abin da na fahimta shi ne, waɗanda suka tsara gwajin nan sun shirya wa mai cika baki, sun san yadda za su kama shi. Mutanenmu kuwa, musamman manya, ba sa yabon kansu a gaban baƙo, balle a gaban sa'ar 'yar cikinsu. In dattijo ya ce miki tsakiya, ba rashin sani ba ne, kuma ba neman taimakonki yake yi ba. Amsarsa ke nan. Da na bar masa ita, ko ya haye ko ya faɗi, da halinsa aka auna, ba nawa ba.

Da aka buɗe zagaye na gaba, ni na karɓi takardun masu nema. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe. Malam Bukar bai sake nema ba.