Ranar da Goggo Tabawa Ta Kwashe Mini 'Ya'ya

Bana damina ashirin da biyu ke nan da muka kai Goggo Tabawa makwancinta a bayan ganuwar garinmu, nan kusa da Gozaki. Cikin waɗanda suka ɗauki makararta mu biyu muka rage, ni kuwa ido ya fara gajiya da tawada. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da ita, a kwafa a karanta a zauruka, tun labarin bai koma na "an ce" ba.

Yayar mahaifina ce, kuma ita ce ungozomar gari. Gajeruwa ce, haƙoranta jajaye da fure, tana ɗan jan ƙafar hagu idan ta yi tafiya mai nisa. Ba ta da ɗaga murya. Amma in ta kafe ka da ido ta kira sunanka sau ɗaya, sai ka ji kamar an tuɓe maka riga a kasuwa.

Ba zan iya yabonta bisa gaskiya ba sai na tona kaina, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ina da shekara talatin da 'yan kai matata Hansai ta rasu, kwana tara bayan ta haifi namiji, wanda aka riƙa kira Talle. Ta bar mini shi da yayarsa mai shekara bakwai. 'Yar fari ce, bakina bai saba da sunanta ba, Ladi ake ce mata. Dangi suka nemi in ba su yaran riƙo, na ƙi. Na ce ba wanda zai raba mini gida. Girman kai ne da baƙin ciki suka haɗu, ni kuwa na ɗauka jarumta ce.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta taso wa dawa, ga gidana can gefen gari. Sai na ɗora wa yarinyar nan abin da uwarta ma da ƙyar take yi: goyo, ɗiban ruwa, daka, da ba jariri nonon akuya. Duk ranar da na dawo na tarar da wani abu bai yi ba, sai hannu. Wata la'asar na shigo a gajiye, na sami Talle a ƙasa yana tsala kuka, awaki sun cinye tsabar da ta surfa, ita kuma barci ya kwashe ta a jikin turmi. Na kwance igiyar akuya na yi mata dukan da har yau ba na son tunawa. Ban ma ɗauki abin a bakin komai ba, don mu ma haka aka yi mana.

Kashegari da hantsi Goggo ta zo duba jariri, ta ce wa Ladi ta miƙo mata shi. Yarinya ta sunkuya, hannu ya ƙi ɗaguwa. Goggo ta janye tsohon zanen Hansai da ta lulluɓa da shi, ta daɗe tana kallon bayanta. Sannan ta goya Talle, ta kama hannun Ladi mai lafiyar, ta nufi ƙofa.

Na tare hanya na ce, "Goggo, 'ya'yana ne fa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ta ce, "Tanƙwarawa aka ce, Barau, ba karyawa ba. Matsa in wuce."

Na matsa. Amma zuciya ta ɗebe ni, na kai ta ƙara wurin mai gari. Aka kira ta, ta zo ta durƙusa a bakin zaure, ga liman, ga dattawa. Da aka ga bayan yarinyar, wani dattijo ya ce a shimfiɗe ni a rama mata da igiyar nan. Na tabbata da an yi, ba wanda zai ce an zalunce ni. Goggo ce ta hana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in aka buge shi, a kan wa zai je ya huce? Wata biyu gidan nan ba mace, gonarsa ta zama daji. Wa ya leƙa? Har ni da nake goggonsa sau nawa na je? Laifin nasa ne, amma sakacin namu ne duka." Abin da ta roƙa shi ne a yi mini gayya, a bar mata yaran har sai ta ga na dawo hayyacina, liman kuma ya ba da fatawa a kan shayar da maraya.

Ran Asabar na ji gangar noma ta nufo gonata. Samari da magidanta suka jeru, kafin azahar sun nome abin da zai ci mini kwana ashirin. Ba wanda ya yi mini gori, wannan kuwa ya fi bulala shiga jiki. Talle kuma mata uku masu jego suka karɓa suna shayarwa bi da bi, bayan liman ya bayyana musu cewa duk 'ya'yansu sun zama 'yan'uwansa. Goggo ta riƙe wannan a ka, ba ta taɓa rikita wa ya sha nonon wa ba. Da Talle ya isa aure, 'yan matan unguwa rabi ƙannensa ne, sai da muka je har Maska neman mata.

Daga kaina abin ya faro. Goggo ta ce tunda ana gayyar noma, me zai hana a yi gayyar reno? Aka kafa mata rumfa ta zana da kara a ƙofar gidanta. Duk matar da za ta gona, ko mai jinya, ko wadda ta haifi tagwaye, sai ta kawo ƙanananta ta ajiye. Tsofaffin da ƙarfin fartanya ya bari suka sami aikin yi, suna kaɗi suna gadi. Da kaka kowane gida ya jefa dami ɗaya a rumbun da ake dama wa yara kunu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an sami wanda ya ce "ku taso" ake ɗagawa.

Dabararta babba ita ce wanka. Kowace la'asar da hannunta take wanke yaran nan ɗaya bayan ɗaya, saboda haka babu shatar tsumagiya ko ramar yunwa da ke ɓoye mata. In ta gani ba ta tambayar yaro a gaban mutane. Da safe sai ta ɗauki ƙwaryar fura ta nufi gidan kamar mai zumunci, ta zauna, ta tambayi me ya ƙare, wa ba shi da lafiya, yaushe rabon maigida da matarsa su yi magana mai daɗi. Takan ce ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, a kai hatsi, ko a ɗauke wa uwa yaro na kwana uku ta huta. Wanda ya maimaita ne ake kaiwa zauren mai gari.

Ba kowa ya so ba. Akwai wani attajirin manomi mai rinji, wato ƙauyen bayinsa, a kudu da gari. Mai kula masa da gandu ya ƙona hannun ɗan wata baiwa, yaro ɗan shekara huɗu, don ya tsinki ɗanyen wake. Uwar ta saci jiki ta kawo shi wurin Goggo neman magani. Mutane suka ce kada ta sa baki, dukiyar mutum ce. Ta ce ita dai da ta yanke masa cibi ba ta ga an rubuta bawa a jikinsa ba. Sai ta aika aka kira ni, ta ce, "Kai za ka je ka yi masa magana, don kai ka san abin daga ciki." Na je, attajirin ya kore ni kamar kare. Bayan wata ɗaya matarsa ta haihu. Goggo ta je ta yi aikinta yadda ya kamata, don ta ce mai naƙuda ba ta yi mata laifi ba. Amma ranar suna liman ya raɗa suna ya tashi, ba magidancin da ya zauna, tuwo ya huce a akussa. Kafin kwana uku attajirin ya canza mai gandun, yaran rinji kuma suka fara zuwa rumfa tare da namu. Ba ta iya 'yanta su ba, wannan ya fi ƙarfinta, kuma ta mutu abin yana damunta. Amma daga ranar ba a sake kai wa yaro wuta a ƙasar garinmu ba.

Ni kuwa sai bayan kaka ta mayar mini da Ladi, shi ma sai da na sake aure, ta kuma gamsu da matar. Shekara biyu yarinyar nan in na shigo ta ƙofa sai ta fita ta bayan ɗaki. Na kai kuka wurin Goggo, ta ce in yi haƙuri, wanda ya fasa tulu ba shi ke cewa a yi sauri a kawo ruwa ba. Wata rana ina huɗa a gona, sai ga Ladi da fura, ba wanda ya aiko ta. Ta ajiye, ta zauna a kan kunya har na sha na gama. Yanzu tana Kafur da jikokinta, tabon yana kafaɗarta, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Ni ne ban yafe wa kaina da wuri ba.

Nakan tambayi kaina, da Goggo za ta leƙo yau, me za ta ce? Gari ya cika ya batse. Harin da ake kawowa daga arewa ya koro mana mutane, wasu da marayun da ba a san iyayensu ba. Fatake masu sayen auduga da baban rini suna shiga suna fita, har ka gamu da fuska goma ba ka san ɗaya ba. Akwai gidajen da suka karɓi marayun nan da sunan riƙo, alhali korar tsuntsu ake sa su tun fitowar rana har faɗuwarta, ciki babu komai. Wannan zai ɓata mata rai, kuma na san ba za ta kwana biyu ba ta taka gidajen ba. Mu ma muna takawa, ko da yake ƙafarmu ba ta kai tata nauyi ba.

Amma ina jin za ta yi murmushi in ta ga rumfarta ta haihu. Yanzu kowace unguwa da tata. Mutanen Mahuta sun aiko a bara suna tambayar yadda muke tara hatsin kunu, wata ungozoma kuma ta taso tun daga Malumfashi ta kwana bakwai tana kallon yadda ake yi. Na san halinta, yawan rumfuna ba zai burge ta ba. Tambayarta ɗaya ce: wa ke yi musu wankan, kuma idonsa a buɗe yake? Alhamdu lillahi, matan da ta horar sun horar da wasu, kuma ba su da tsoron ƙofar kowa.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Gidanta ma ruwa ya cinye katangarsa. Sunanta kuwa ya fara ɓacewa, don waɗanda aka haifa bayanta su ne iyaye yanzu. Da farko wannan yakan sosa mini rai, har ranar kasuwar da ta wuce. Wani baƙo mai jaki ya ɗaga sanda zai kwaɗa wa ƙaramar 'yarsa don ta zubar da man gyaɗa. Sai wata matashiya mai sayar da daddawa, da goyonta a baya, ta miƙe ta riƙe sandar ta ce, "Malam, yi haƙuri, a garin nan ba a haka." Mutumin ya fusata ya ce wa ya hana? Ta dube shi da mamaki, kamar ya tambayi wa ya ce a yi sallama kafin a shiga gida. Ta ce, "Oho, haka muka taras."

Ina tsaye ina ji, sunan yana bakina, amma ban faɗa ba. Allah Ya jiƙan Goggo Tabawa, Ya sa Aljanna ce makomarta.