Ɗan Duman Dada da Gwangwanin Motata

Ni ce babba a ɗakinmu, kuma tun da iyayenmu suka rasu duk wata damuwa ta dangi a falona take sauka. Bana abin ya kai likita ya auna jinina, ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in ban rage ba wata rana a gaban ɗalibaina zan faɗi. Na ce to, na karɓi magani, na ci gaba da halina. Abin da ya dawo da ni hanya tatsuniyar kakata ce, kuma a garejin gyaran mota ta same ni.

Dada muke ce mata. A hannunta muka tashi a Manawashi, lokacin unguwar ba ta cika haka ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, saboda haka murhunta ba ya mutuwa da wuri. Da an idar da isha'i sai ta tura guntayen itace cikin garwashi ta miƙe ƙafa, mu kewaye ta, kowa da ɗan tunkuzar da ya sato a hannu, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba. In labari ya yi daɗi sai ta zarce da Fulatanci ba ta sani ba, sai mun ja bakin zanenta. Ba ta farawa sai ta ce, "Ga ta nan a bakin ƙofa, ku matsa mata." Mu kuma mu ce ta shigo.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wata tsohuwa mai tukunyar da ke ciyar da gari guda. Tukunyar tana da ɗan rami a wuya inda take numfashi, numfashin kuwa baƙin tururi ne mai maiƙo, duk ya ɓata jinka da tufafin mutane. Da suka gaji sai suka toshe ramin da laka. Tukunya ta kama nishi, ta fara tsagewa, da ƙyar tsohuwa ta ƙwaƙule lakar. Sai wani mai ganin kansa da wayo ya lanƙwasa gora ya mai da tururin cikin tukunya. Miya ta yi ɗaci, har karnuka suka ƙi ta.

Wata yarinya ce ta samo ɗan duma, ta cusa masa soso, ta rataye shi a tsakiyar gorar. Tururi ya ratsa ya wuce fes, maiƙo ya zauna a duma. Gari ya ci ya ƙoshi, aka yi wa tukunya waƙa, aka yi wa tsohuwa, duma kuwa ba wanda ya sake waiwayarsa. Yana cika yana nauyi, har ranar da igiyarsa ta tsinke ya kife a wuta, bukka ta kama.

A nan Dada take tafa hannu ta ce ta ƙare, kowa ya naɗe tabarmarsa. Ni kuwa raina a ɓace, don na tsani labarin da ba a hukunta kowa ba. Wata rana na matsa mata da tambayar laifin wane ne. Ta daɗe tana juya garwashi kafin ta ce, "Ƙawata, duma ba shi da baki. Ke kina da shi." Ban gane ba, na ɗauka tsiyar surutuna take yi mini.

To, bayan zuwana asibiti ba da daɗewa ba, tsohuwar motata ta fara shan baƙin mai tana baƙanta fulogi. Na kai wa Malam Yohanna, bakaniken da na saba da shi a Pantami, mutumin Kaltungo mai yawan tsokana. Ya ce inji ma numfashi yake yi, kuma numfashin da mai yake fitowa. Akwai tiyon da ke mai da shi inda inji ke shaƙar iska, to da motar ta tsufa man ya yi yawa, tana shaƙar dattin kanta. Na ce a toshe mana. Ya yi dariya ya ce in an toshe, ta kowace kafa mai zai ɓullo.

Ina kallo ya ɗauko wani gwangwani mai kauri da murfi, ya huda shi biyu, ya cusa masa soson ƙarfe irin na wankin tukunya, ya raba tiyon ya haɗa kowane ɓangare da huji ɗaya, ya ɗaure shi nesa da zafin salansa. Yana goge hannu ya ce, "Malama, aikinki ɗaya ne. Ki riƙa buɗewa kina juyewa. In ya cika bai da yadda zai gaya miki."

Na tsaya riƙe da ƙofar mota, ƙamshin ƙuli-ƙulin Dada kamar a hancina. Sai a lokacin na tuna yadda Baba in ya dawo a fusace ɗakinta yake fara shiga ya fito da fara'a, yadda matan unguwa ke zuwa sayen mai su daɗe suna share hawaye. Ta san abin da take faɗa, kuma cikin jikokinta ni ta hango. Allah ya jiƙanta, na gode mata a tsaye a wurin, har Malam Yohanna ya tambaya ko lafiya.

Daga garejin sai na wuce Barunde, gidan ƙanwata Hauwa. Ko mayafi ban cire ba ta fara, kamar kullum, da zancen makarantar ɗanta. Na ɗaga mata hannu na ce yau ni ce da magana. Na faɗi abin da likita ya ce, na faɗi dararen da ba na barci, na faɗi abubuwan da ni kaina ban san suna cikina ba. Shinkafar da ta ɗora ta ƙone ba ta tashi ba. Da na gama sai ta matso ta riƙe hannuna.

"Yaya," ta ce, "ashe ke ma kina gajiya?"