Mai Ɗaure Igiya a Bakin Tanki

Dogo da ƙaninsa tare suke wankin tankunan mai a wata ma'aikata. Wata safiya ƙanin ya sauka ciki, ba igiya ba takunkumin fuska, ya ce, "Yaya, yau warin nan da ƙarfi." Gawarsa aka fito da ita.

Masu ma'aikatar suka ce kwana ne ya ƙare. Ƙungiyar kare haƙƙin ma'aikata ta ƙi yarda, ta tsaya wa Dogo har kotu ta tilasta sayen kayan kariya.

Yanzu shi ke ɗaure wa kowa igiya a ƙugu. Abokan aiki kan ce, "Dogo, sassauta, ai ba akuya ba ce!" Ba ya dariya. Da tanki ya yi shiru sai ya fizgi igiyar, yana kiran sunan da ba na wanda ke ciki ba.