Minti Taran da Na Yanke

Shekara shida ina tuƙa wani likita a Madina. Shi Bakano ne, ni Badamagare, don haka tun ranar farko muka san zaman abokan wasa za mu yi. Ya dubi takarduna, ya dube ni, ya ce, "Wato direbobin duniya sun ƙare, sai bawana aka kawo mini."

Na ce, "Likita, kakana ya taɓa zuwa Kano, kuma ba sallama ya yi ba."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya miƙo mini makulli.

Gidansa a Ƙuba yake, bayan wata tsohuwar gonar dabino. Aikinsa kuwa a wani ƙaramin asibiti ne a wajen gari, ta yamma. Idonsa ba ya jure hasken titi, shi ya sa ya nemi direba. Da safe mu fita, mu ratsa kwarin Aƙiƙ, mu wuce allon da ke nuna iyakar Harami. Bayan la'asar mu dawo.

Likita yana da doka guda. Ba a kiɗa a cikin Harami, ko a gida ko a mota. Ba wanda ya sa shi, shi ya ɗaukar wa kansa tun ranar da ya sauka garin. Ya ce kunyar Mai garin yake ji, sallallahu alaihi wa sallam. Na taras da mutanenmu da yawa a kan haka, ban ga abin tambaya ba. Amma da zarar allon ya koma bayanmu sai ya ce, "Yalla, Badamagare, danna." In danna. In muna dawowa, kafin hancin mota ya kai allon in kashe. Hannuna ya saba har ba sai an ce ba.

Faifai ɗaya ne a motar, na Turawa. Ya saye shi tun yana karatu a ƙasarsu. Makon farko na ɗauka na'urar ce ta lalace.

Na ce, "Likita, wannan kiɗa ne ko garejin masu gyaran jikin mota?"

Ya ce, "Kunnen da ya tashi da kukan raƙumi ina zai gane?"

Rannan ya yi mini bayani. Wai samari ne 'yan kaɗan masu jita da ganga, irin masu ihun nan. Sai suka ce wannan bai ishe su ba. Suka je suka ɗebo makaɗa cike da ɗaki, masu goge jere-jere, ƙanana da manya, da masu busa, da maza da mata masu amshi. Suka ce ba waƙoƙi za su yi ba, abu ɗaya za su gina daga farko har ƙarshe. Mutane suka yi musu dariya, aka ce sun ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu.

Wannan na gane shi. Kafin in zo Saudiyya na yi shekaru ina jan babbar mota daga Agadas zuwa arewa. Na san mai lodin da ya wuce kima.

Na ce, "To sun kai?"

Ya ce, "Sun kai."

Ban san ranar da na daina jin hayaniya na fara jin kiɗa ba. Da fiyano yake farawa, ita kaɗai, wani ɗan sauti gajere wanda kowa zai iya yi da fito. Sai ta maimaita shi. Daidai wata gada ganga take shigowa. In mun kai baƙaƙen duwatsu sai jita ta faɗo da ƙarfi kamar an banko ƙofa, masu goge su tare ta. Su ja, ta ja. Da farko na ɗauka faɗa suke yi. Daga baya na ji ashe ɗan sautin nan na farko ne suke miƙa wa juna, kowa da muryarsa. Ba abin da aka sa don ado kawai. Abin da ka ji a gada za ka sake gamuwa da shi gaba, ya canza kaya.

In mun kai wajen wani garken raƙuma, mutum ɗaya ne yake waƙa a faifan. Ban jin Turanci. Na tambayi Likita, ya ce wani ne ya bar gida, ya daɗe, yana neman hanyar komawa. Na ce wannan ai ba sai an tara masu goge ba, a zo unguwarmu ta Anbariyya da yamma a ga irinsa cike da titi.

Akwai wuri guda da ban so. Kowa yakan yi shiru, a bar ganga ita kaɗai tana bugawa a hankali, da wani babban goge yana gurnani a ƙasa. Haka kunnena ya yi a rana ta huɗu da motarmu ta mutu tsakanin rijiya da rijiya. Mu goma sha ɗaya ne. Shida muka fita. Ƙanena ba ya cikin shidan. Ban taɓa gaya wa kowa a garin nan ba, sai wata safiya da wurin ya zo na ji bakina yana faɗa. Likita ya saurare ni har na gama. Ranar dai bai kira ni bawansa ba. Washegari ya ci gaba, na kuwa ji daɗin haka.

Daga allon zuwa ƙofar asibiti minti talatin da biyar ne. Faifan ya fi haka tsawo. Kullum a wuri ɗaya muke tsayawa, masu busa sun ɗauko wani hawa ke nan sai in kashe mota. Da yamma kuma Likita ba ya yarda a ci gaba daga nan. Sai a koma farko.

Na ce, "Mu ɗora daga inda muka tsaya mana."

Ya ce, "Ka taɓa fara tafiyar Agadas daga tsakiyar hamada?"

Haka na shekara shida ban taɓa jin ƙarshen ba. Shi ma rabonsa da ji ya daɗe. Ya ce mini, "Duk wannan da kake ji shimfiɗa ce. Ƙarshen ne komai. Har na fara mantawa da yadda yake shigowa. Ranar da na ajiye aiki za mu sami gindin wani dutse mu tsaya, mu ji shi duka, ba mai kiran kowa."

Ya faɗi haka ya fi a ƙirga. Sau ɗaya na ce to yau mana. Ya ce to. Ban gama neman wurin tsayawa ba waya ta yi ƙara, wata mata ce haihuwa ta zo mata da gardama. Muka juya.

Bai ajiye aiki ba, aikin ne ya ajiye shi. Hawan jini ya buge shi a ofis. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Wata biyu yana kwance, sannan aka dawo da shi gida. Na tashi daga direba na koma mai ɗauka. Ni ke ɗaga shi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa wanka. Mutum mai ƙiba ya koma kamar buhun ƙaiƙayi. Nakan ce masa, "Bakano, yau wa ke ɗauke da wa?" Gefen bakinsa na hagu ya ɗan motsa.

Wata Alhamis ina zaune kusa da shi na ga yatsunsa na hagu suna bugun hannun keke. Matarsa, Hajiya, ta ce tun jiya yake haka, ta ɗauka tasbihi ne. Na saurara. Ba tasbihi ba ne. Ɗan sautin fiyanon nan ne, bugu bayan bugu.

Na ce, "Likita, faifanka kake so? Har ƙarshe?"

Ya runtse ido, ya buɗe. Ya sake runtsewa.

Hajiya ba ta so ba. Ta ce, "Malam, mutumin da ko zama bai iya ba za ka kai shi daji saboda kiɗan Nasara?"

Na ce, "Hajiya, bai roƙi komai ba tun da ya kwanta."

Ta dubi mijinta. Can ta ce, "Ka dawo mini da shi kafin magariba, akwai magani."

Bayan la'asar na sa shi a gaba, na ɗaure shi da bel, na tokare shi da matashi. Muka ratsa Aƙiƙ. Da allon ya wuce na jira a ce in danna. Sai na tuna. Na danna.

Ban tsaya a gindin dutse ba. Shi tsayawa ya ce, na sani. Ni na ga mota na tafiya kiɗa na tafiya, kuma in an tsaya sanyin motar raguwa yake yi, ga maganar Hajiya a kaina. Na tafi rabin awa, na juya, ban taɓa na'urar ba. Muka wuce hawan masu busa, na shiga inda ban taɓa ji ba. Matan nan masu amshi suka tashi gaba ɗaya. Jita ta yi kuka kamar mutum. Na saci kallon Likita, idonsa a rufe, yatsunsa suna tafiya a kan cinyarsa.

Sai abin ya fara sauka. Ganga ta fita. Masu busa suka fita. Masu goge suka yi ta raguwa har ban jin komai sai ƙarar taya a kan kwalta. Gilashin na'urar da ke nuna lamba ya daɗe da mutuwa saboda rana. Na saurara, shiru. Ga allon Harami yana tahowa. Hannuna ya tafi ya kashe.

Na ce, "Halas. Alhamdu lillahi, Bakano, yau mun kai ƙarshe."

Hannunsa na hagu ya damƙi rigata. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Ya saki rigar ya bugi gaban mota, ya sake bugu. Hawaye yana bin gefen fuskarsa.

Na ɗauka ciwon ne ya tashi. Na ce, "Yi haƙuri, Likita, mun kusa." Na taka mai. Ban taɓa gudu a cikin Madina irin na ranar ba.

Kwana tara ya yi bayan nan. In na shigo ɗakin sai ya kafe ni da ido, yatsun su fara bugu. Ni kuwa in ce, "Ai mun ji shi, Likita. Ya yi daɗi." Sau uku na faɗa masa haka. A na ukun ya juya fuska bango. Bai sake bugawa ba.

Da hantsi ya cika. Aka yi masa salla a Masallacin Annabi bayan azahar, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ina cikin waɗanda suka sa shi a rami.

Da Hajiya ta gama takaba ta shirya komawa Kano. Motar za ta koma hannun wani. Ana gobe za a zo ɗauka na ce zan kai ta wanki. Na wanke ta. Daga nan na ratsa Aƙiƙ, na wuce allon, na sami gindin wani dutse na tsaya. Faifan yana ciki, ba wanda ya taɓa shi. Na mayar da shi farko. So nake in ji shi sau ɗaya a zaune, yadda ya ce.

Ya tafi yadda na san shi. Ya zo inda ya sauka. Na kai hannu zan kashe, sai na ji wani abu. Mota a tsaye, ba ƙarar taya. Can ƙasa goge ɗaya yana jan zare siriri, bai tsinke ba. Na janye hannuna.

Sai fiyano ta dawo da ɗan sautin nan na farko, ita kaɗai, kamar wanda ya tsaya a ƙofar gida bai shiga ba. Goge ɗaya ya amsa mata. Wani ya biyo. Ganga ta shigo, wadda ta buga mini rana ta huɗu a hamada, bugun bai canza ba, amma yanzu tafiya take yi. Jita ta zo ba da faɗa ba. Masu busa, da mazan, da matan, kowa ya sa hannu a ɗan sautin nan suka ɗaga shi sama gaba ɗaya. Duk wanda na taɓa ji a hanyar asibiti ya dawo, ba a bar kowa a baya ba. Suka riƙe shi har na ji numfashina ya tsaya. Sannan suka sauke shi a hankali, suka bar fiyano ta rufe.

Sun kai. Gaskiya ya faɗa.

Na mayar da wurin na duba agogo. Daga shirun zuwa ƙarshe minti tara ne. Ranar Alhamis ɗin nan da sauran kusan rabin awa kafin magariba.

Na daɗe a gindin dutsen. Ban yi kuka a hamada ba, jikina ba ruwan yi. A nan akwai.

Na gaya wa Hajiya akwai faifai a motar. Ta ce in riƙe. Yana cikin akwatina a Anbariyya, a ɗakin da muke kwana mu biyar, naɗe cikin tsohon rawani. Motar da nake ja yanzu ba ta da wurin sa faifai. Ban sake jin sa ba, kuma ban manta ko ɗaya daga minti taran ba.

Ranar Juma'a nakan shiga Baƙi'a in an buɗe. Ba suna a kan kabari a can, duwatsu ne kawai, kuma an yi ta binne wasu a gefen. Na san dai sashen. Nakan tsaya, sautin ya zo mini har bakin leɓe, in ji kamar in yi masa shi da fito ko sau ɗaya, daga shirun zuwa ƙarshe. Amma nan tsakiyar Harami ne, kuma dokarsa ce. Sai in yi masa sallama, in yi addu'a, in fito.