An rufe idonta, an bar ankon kakanta

Barnabé Hounkpatin yana da shekara hamsin da tara, ya yi ashirin da shida daga ciki yana ɗaukar hoto a jaridar da nake wa aiki a Kwatano. Kowa a ofis Fofo yake ce masa, wato yaya, har Darakta.

Kafin ya shigo jarida, hoton jana'iza yake ɗauka a Porto-Novo. Shekara tara, duk Asabar yana wurin binne wani, yana jera dangi cikin ankonsu yana cewa su matso. Ba wanda ya fi shi sanin cewa idan dattijo ya rasu, iyalinsa sukan sa a buga musu atamfa da fuskarsa da sunansa, kuma ba mai ɗinka ta sai ɗan gida.

A watan Janairu Darakta ya ce a yi labari kan mashayun da ke sayar wa 'yan makaranta giya. Ni aka ba rubutu, Fofo aka ba hoto. Wata Asabar da la'asar, a wata mashaya a unguwar Akpakpa, ya sami abin da ake so: yarinya 'yar shekara goma sha biyar, babbar kwalba a hannunta, mai mashayar yana tsaye a bayanta ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunan wurin.

Ƙa'idar aikinmu ta ce ba a nuna fuskar yaro a irin wannan labari. An bi ƙa'ida, an ja baƙin layi a kan idanunta. Darakta kuma ya sa aka yanke allon da mai mashayar, ya ce ba ya son rigimar lauyoyi. Mutum huɗu muka duba shafin kafin ya tafi wurin bugu, har da Fofo. Ba wanda ya kalli rigarta.

Ranar Litinin da safe aka rataye jaridar a rumfar mai sayarwa, inda 'yan acaɓa ke taruwa suna karanta kanun labarai a tsaye. Ɗaya daga cikinsu ya kai yatsa kan ƙirjin rigar yarinyar, inda aka buga fuskar wani dattijo da sunansa.

"Kai, wannan ai tsohon hedimasta ne! Ba shekaranjiya muka binne shi ba? Har ya fara yawon mashaya?"

Aka bushe da dariya. Jikokin marigayin mata uku ne, ɗaya ce kawai ta kai wannan girma. Kafin azahar unguwa ta gama sanin ko wace ce. Ranar Laraba makarantar sistocin coci da take zuwa ta sallame ta, saura wata biyar jarrabawar fita.

Uwarta, wadda ke soya ƙosai da doya a bakin titi, ta zo ofishinmu da jaridar a naɗe. Ba ta musa cewa 'yarta ta sha ba. Ta ce bayan an tashi daga jana'iza 'yan uwa suka ja ta, kuma ta riga ta hukunta ta a gida.

"Wane ne mai hoton?" ta tambaya.

Fofo ya miƙe. "Ni ne, Tanti."

"Sannu da aiki. Ka rufe mata ido don kada ta ga kunyarta ke nan? Shi wanda ya miƙa mata kwalbar fa, ba shi da fuska ne?"

Washegari Fofo ya je makarantar da kansa. Shugabar ta ce masa ba ta son kora, iyayen sauran yara ne suka taso ta a gaba, suna ta tura wa juna hoton daga shafin jaridar na intanet. Idan aka sauke shi kafin ƙarshen Fabrairu, lokacin da za a rufe sunayen masu jarrabawa, za ta mayar da yarinyar.

Sau huɗu ya shiga wurin Darakta kan wannan magana. Ina wurin a karo na uku.

"Fofo, wace doka muka karya? Nuna mini."

"Ba mu karya ba."

"Mun faɗi sunanta?"

"Mun faɗi na kakanta, da ranar haihuwarsa da ta mutuwarsa."

"Ni na ɗinka mata? Ko ni na ɗauki hoton? Tun da muka buɗe shafin nan ba a taɓa karanta labarinmu kamar wannan ba. Yau na sauke don mai ƙosai ta yi kuka, gobe minista ya bugo waya in ce masa me? Tsufa ya fara taɓa ka, Fofo. Ka koma jana'iza, matattu ba sa ƙorafi."

Na sa baki na ce a goge rigar kawai a bar labarin. Ya ce zai duba. A karo na huɗu sakatariya ta ce wa Fofo Darakta ya tafi taron ƙara wa juna sani kan kare haƙƙin yara a kafafen yaɗa labarai, sai mako mai zuwa.

An rufe sunaye ranar Juma'ar da ta wuce. Hoton yana nan a shafin. Mashayar ma tana nan, an yi mata sabon fenti. Yarinyar yanzu ita ke feren doya a bayan rumfar uwarta, inda masu wucewa ba sa hango ta sosai.

Fofo ya ce ba zai bari uwar ta ji daga bakin wani ba. Ranar Litinin da hantsi ya je, ya tsaya gaban kaskon, ya cire hularsa, ya gaya mata cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba. Ba ta ɗaga kai daga mai ba. Ta juya ƙosai, ta tsame, ta zuba wani.

"Na ji, Fofo," ta ce. "Matsa gefe, kana tare mini masu saye."

Ya matsa.