Gaisuwar da Malama Nyevu Ta Koya wa Yara

Shekara ashirin ina dama kunu a makarantar yara ta ƙauyenmu kusa da Kilifi, kuma ban taɓa ganin Malama Nyevu ta kashe ko tururuwa ba. Yaron da ya jefi ƙadangare sai ya ba shi haƙuri da bakinsa. Mu dai muna mata dariya.

Shi ya sa da wasu samari masu yin katun, wato fim ɗin zane na yara, a Mombasa suka nemi labari, ta ba su na Kaka Maciji, macijin gida mai cin ɓera wanda ba shi da dafi. Ita ta yi muryar. A katun ɗin yara kan ce wa Kaka "shikamoo" su dafa kanta, yadda ƙananan yaranmu ke gaida manya, ita kuma ta amsa "marahaba". Macijin gida ruwan ƙasa ne, amma samarin suka ce ba ya fita a allo, suka mai da shi kore. Nyevu ta yi ƙorafi kwana biyu ta haƙura.

Wata Talata da hantsi na ji Nyevu ta kama hannuna. Wata ɗalibarmu mai suna Dama, 'yar shekara huɗu, na tsaye a gindin mangwaro, hannu a miƙe. A reshen da ke daidai fuskarta koren mamba ne, maciji mai mugun dafi wanda in ya sari yaro da wuya a kai shi asibiti da rai.

"Shikamoo, Kaka," in ji Dama, ta ƙara taku ɗaya.

Nyevu ta laɓe a bayana, ta shaƙe murya irin ta katun.

"Marahaba, jikata. Kaina ke ciwo yau, kar ki taɓa. Sauke hannu. Yauwa. Ja baya a hankali, kar ki tayar min da shi."

Yarinyar ta bi. Macijin ya sulale sama, Nyevu ta zube ƙasa ta rungume Dama tana kuka. A ranar ta buga wa samarin waya kan a janye katun ɗin, suka ce ya riga ya shiga makarantu sittin, ba a san wayoyi nawa ba.

Da uwar Dama ta zo ɗaukarta, yarinyar ta juyo tana ɗaga wa mangwaron hannu.

"Malama, gobe in kan Kaka ya warke zan dawo in gaishe ta sosai."