Ƙaramar Kyamarar da Na Riƙe

Ranar Asabar ce cikin watan Oktoba, shinkafa ta fara nuna. Zan faɗi yadda ranar ta tafi bi da bi, domin akwai abin da na yi da ƙarfe goma da rabi na safiyarta wanda na ɓoye wa matar ɗana har kwana arba'in.

Ƙarfe biyar da rabi na dawo daga masallaci. Ƙarfe bakwai maiɗakina Hajara ta kawo mini koko da ƙosai, ta ce ɗanmu ya yi waya, yana tafe daga Bebeji zuwa nan Kiru. Ita yake kira, ba ni ba. Sunansa Abdulhadi, shi ne ɗanmu na fari, kuma a gidan da na tashi uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya jan hira da shi. Hajara ta daɗe da ajiye wannan kunyar. Ni da na yi jami'a, na koyar da labarin ƙasa shekara talatin da biyu, ban iya ajiye ta ba. "Malam" nake ce masa tun yana rarrafe.

Shekararsa talatin da ɗaya. Yana koyar da lissafi a wata firamare a Bebeji, yana da mata, Fa'iza, 'yar Doguwa, da 'ya ɗaya, Saudatu, mai shekara biyu. Mutum ne mai sanyin magana, idan zai yi dariya sai ya sa hannu ya rufe baki. Bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba, kullum sai ya makara da minti goma. Asabar da Lahadi yana ɗaukar hoto a wajen suna da saukar karatu, kuma idan ƙungiyar manoma na bukatar ƙananan hotuna na takarda, shi ake nema daga Yako har Dangora. Tsofaffi sun fi son sa, don ba ya haska musu fitila a ido, yana jira har su manta da shi sannan ya danna.

Ƙarfe tara da minti goma ya iso a babur. Ya durƙusa a zaure ya gaishe ni, na amsa ina duban jarida. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsuntsayen jan-baki sun sauka wa manoman shinkafa na wani ƙauye a bakin ruwan Tiga, ta ɓangaren Tudun Wada. An ce musu kafin a turo masu feshi sai sun kai hoton inda tsuntsayen ke kwana. Wurin kuwa wani tsibirin dogayen ciyayi ne, kamar mita ɗari uku daga gaɓa, kuma tsuntsayen ba sa taruwa sai dab da magariba.

Ya ciro tasa kyamarar daga aljihu. Ƙarama ce, tafin hannu na rufe ta, amma idan aka danna sai gilashinta ya miƙo ya jawo abin da ke nesa har gaban mutum. Ni kuma ina da tawa tun ina aiki, babbar nan baƙa da masu sana'a ke kira DSLR, wadda ake cire wa gilashi a sa wani. Ta tsufa, tana da nauyi, gilashi ɗaya ne ya rage mata, gajere. Ya zo ne ya ji wacce ta fi dacewa da aikin. Wannan shi ne karo na farko da ya nemi shawarata a kan hoto, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda na nuna.

Na ajiye su biyun a kan tabarma.

Ya ce, "Baba, da wannan 'yar tsiton daga gaɓa zan tsaya. Ko takalmina ba zai jiƙe ba."

Na ce, "Da rana ke nan. Kai kuwa magariba za ka yi aiki. Tura ƙofar nan."

Ya tura ƙofar zauren, haske ya ragu. Na sa ya ɗauki kalandar da ke bango da kowacce. Hoton ƙaramar ya fito kamar an watsa masa yashi, lambobin sun narke. Na babbar ya fito tas, har da ƙurar da ke gefen takardar.

Na ce, "Ka gani? Mutumin ofis zai dubi naka ya ce hayaƙi ne, ba tsuntsaye ba."

Ya juya babbar a hannunsa. "Amma gilashinta gajere ne, Baba. Sai na matsa kusa."

"To ka matsa mana. Mu a da matsawa muke yi."

Ya rufe baki ya yi dariya. "To in tafi da su duka biyun?"

Na ce a'a. Na ce idan ya riƙe biyu zai tsaya yana wasiwasi har hasken ya tafi, na sha ganin haka. Na miƙa hannu na ɗauke ƙaramar daga tabarma na sa a aljihuna, na ce ya karɓa idan ya dawo. Na tura masa babbar da jakarta na ce na ba shi, ta zama tasa. Ƙarfe goma da rabi ne. Hajara tana madafa, ba wanda ya gani.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya tafi.

Ƙarfe biyu, bayan azahar, na zauna a ƙofar gida na kunna ƙaramar don in ga abin da yake yabo. Akwai wata kuka a bayan makarantar sakandare, na san nisanta don na taɓa sa ɗalibai su auna, mita ɗari huɗu ne da ɗoriya. Na danna. Kukar ta taho har na ga wata hazbiya a reshe tana gyara fiffike. Na kashe na mayar aljihu. Na shiga lissafin da ya kamata in yi tun da safe: da gajeren gilashin nan, sai ya kai kamar mita talatin kafin tsuntsaye su fito a hoto. Mita talatin daga tsibiri tsakiyar ruwa ne. Shi kuma bai iya iyo ba, ban taɓa barin sa ya koya ba.

Ƙarfe huɗu da kwata, ina fitowa daga sallar la'asar, na ga hadari ya haɗo ta gabas. Na ɗauki wayata na nemo lambarsa. Ban taɓa kiran sa da kaina ba. Na zauna da wayar a hannu ina tunanin yadda zan fara maganar, ina gaya wa kaina hadarin ƙarshen damina ne, iska ce kawai za ta watse. Sai ƙarfe biyar saura minti ashirin na shiga ciki na ce wa Hajara, "Kira Malam, ki ce masa kada ya shiga ruwa."

Ta dube ni. "Wane ruwa? Ba hoto ya je ɗauka ba?"

"Kira shi dai."

Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira sau shida. Ƙarfe shida saura iskar ta iso Kiru, ta kwashe shanyar da ke tsakar gida. Muka yi magariba. Bayan sallama da kaɗan wayar Hajara ta yi ƙara, lambarsa ce, amma muryar ta wani ce.

Surajo ne ya kira, mai kwalekwalen da ya shiga ruwan da Malam. Daga baya ya zo gaisuwa, na zaunar da shi na tambaye shi dalla-dalla. Ya ce Malam ya fara gwadawa daga gaɓa, ya duba hoton ya girgiza kai, ya ce sai an matsa. Ya bar wayarsa a jakar babur don kada ta jiƙe, suka shiga wajen huɗu da rabi. Sun jira a gefen ciyayin har tsuntsayen suka fara sauka. Surajo ya ce su juya, iska na tafe, Malam ya ce saura ɗaya. Iskar ta bugi kwalekwalen ta gefe. Surajo ya kamo rigarsa sau ɗaya, ta suɓuce.

Masunta suka same shi ranar Lahadi da hantsi, igiyar kyamarar tana rataye a wuyansa. Na tambaye su ko nauyinta ne ya ja shi ƙasa. Suka ce a'a, kilo ɗaya ba ya nutsar da mutum. Aka yi masa sutura a Bebeji bayan azahar.

Na sa ƙaramar a durowa, ƙarƙashin takardun fanshona. Ban gaya wa Hajara ba. Duk Juma'a muna zuwa Bebeji duba Fa'iza da take takaba. Takan durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, ina wuni, ya ƙarin haƙuri," in amsa, ta turo mini Saudatu. Na san abin da ke durowata dukiyar marainiya ce, riƙe shi haramun ne. Na kuma san ranar da na fito da shi sai na faɗi yadda aka yi ya zo hannuna.

Bayan kwana arba'in aka kira Malam Ubale, limamin unguwarsu a Bebeji, wanda shi ke raba gado a wajen. Yana da tsarinsa da kowa ya sani. Sai an fito da komai na mamaci an jera a tabarma, sannan ya tambayi magada sau uku ko akwai abin da ya rage, yana barin shiru mai tsawo tsakanin kowace tambaya. Idan ya yi ta ukun ya shafa fatiha, ba ya sake buɗe magana.

Na taho da ƙaramar kyamarar a aljihun babbar rigata, ban yanke abin da zan yi ba.

Aka jera kaya a tsakar gida: babur, tufafi, littattafai, waya, agogo, katifa, da babbar kyamarar da ruwa ya kashe. Fa'iza tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin hijabi, Hajara a gefenta, wan Fa'iza da ya zo daga Doguwa yana kusa da ni.

Malam Ubale ya ce, "Jama'a, akwai wanda ya san wani abu na marigayi da ba ya nan? Ko allura ce."

Fa'iza ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, akwai ƙaramar kyamararsa. Ina jin ta tafi a ruwa. Da ita ya fita da safe. Ya ce mini daga gaɓa zai tsaya, har na ce ya sayo mana kifi. Ni har yau ban san abin da ya kai shi cikin ruwan ba."

Malam Ubale ya ce, "Abin da ruwa ya ci ba ya cikin rabo. Allah ya jiƙansa." Ina jin nauyinta a kan cinyata.

Ya yi tambaya ta biyu. Wan Fa'iza ya ce babu. Hajara ta ce babu. Saudatu ta sauka daga cinyar kakarta ta je tana taɓa madubin babur.

Ya gyara zama ya ce, "Na uku ke nan, daga shi sai fatiha. Akwai?"

Na sa hannu a aljihu na fito da ita na ajiye a tabarma kusa da agogon.

Na yi magana ina duban Malam Ubale, amma da Fa'iza nake. Na faɗi gwajin da muka yi a zaure. Na faɗi cewa ya nemi ya tafi da biyun na hana, ni na ɗauke ta da hannuna. Na faɗi ƙarfe biyu, da lissafin da na yi, da minti ashirin da biyar da na yi riƙe da waya. Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Ubale ya ce, "Alhaji, kwana ne ya ƙare. Ba kyamara ke kashe mutum ba."

Na ce na sani.

Fa'iza ba ta taɓa yi mini tambaya ba tun da aka kawo ta gidanmu. Ta ce, "Baba, da ita ce a hannunsa, da zai shiga kwalekwalen?"

Wanta ya ce, "Ke Fa'iza!"

Na ce ya ƙyale ta. Na ce, "Ban sani ba. Amma a zatona da bai shiga ba."

Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba a gaban mutane. Ta tashi ta ɗauki 'yarta ta shiga ɗaki, sai wanta ne ya tsaya mata har aka gama.

Malam ya tambaye ni babbar aro ce ko kyauta. Na ce kyauta ce, kuma ya karɓa da hannunsa, saboda haka ta shiga cikin gado. Aka yi rabo yadda shari'a ta ce. Babur ya faɗa kason Saudatu, an bar shi wajen kawunta a Doguwa. Fa'iza ta ɗauki katifa da wayar, ta aiko daga ɗaki cewa a sa ƙaramar kyamarar a kason yarinya, babbar kuma kada ta kwana a gidan. Hajara ta karɓi agogo da riga ɗaya, sauran tufafin muka yarda aka bayar sadaka. Littattafan lissafi aka kai makarantarsa. Babbar ta faɗo kasona.

Na kai ta wajen wani mai gyara a Kano. Ya ce ita kam ta mutu, amma katin ajiyar hotuna da ke cikinta yana da rai. Hotuna talatin da ɗaya ne, na farko kalandar zaurena, sauran tsibirin ne da tsuntsaye, kuma sun fito tas. Na sa aka wanke su na kai wa shugaban manoman ƙauyen. Ya karɓa da hannu biyu ya yi addu'a, ya ce sun riga sun girbe abin da tsuntsayen suka bari. Katin na sa a ambulan na ba wan Fa'iza ya kai mata. Ya ce ta karɓa ta sa a akwati, ba ta buɗe ba.